Ƙofar da Ba a Sa wa Mai

Tsohon kafinta ya yanke shawarar sayar da gidansa, ya koma babban birni kusa da Auta, 'yarsa ta ƙarshe. Tun rasuwar matarsa ɗakunan suka yi masa yawa, ga jikoki suna ta girma a waya, ko kansu bai taɓa shafawa ba. A zatonsa kuɗin gidan za su saya masa ɗan madaidaicin wuri a unguwar su Auta, har su yi saura.

Da dillali ya zo, ya tura ƙofar gida, ta saki kukanta mai tsawo. Ya yatsine fuska, ya ce sai an sa mata mai kafin masu saye su zo. Kafintan ne ya yi ƙofar da hannunsa, a ce bai san maganin kukanta ba ai zagi ne. Marigayiya ce ta hana. Lokacin da masaƙar garin ke aiki, gidan nan cike yake da 'ya'ya da 'yan haya, ita kuwa tana can madafi, da kukan ƙofa take gane wanda ya shigo. Babban ɗansu bankaɗa ta yake yi. Auta kuwa, in ta shantake a gidan ƙawaye, a hankali take turawa, ƙofar ta ja kukan ta tona mata asiri, uwar ta ƙwala mata kira ba tare da ta waiwaya ba.

Dillali ya zagaya ɗakunan, sannan ya nuna masa taswirar ƙasa a waya, kowane yanki da launinsa. Ya ce ga matsakaicin farashin gida a ƙasa baki ɗaya. Yankinsu ko rabinsa bai kai ba tun da masaƙa ta rufe mutane suka watse, birnin su Auta kuwa ya ninka shi har da ɗoriya. A taƙaice, gidan nan da rijiyarsa da bishiyar lemonsa ba zai sayi ɗaki ɗaya a can ba.

Abin ya yi wa tsohon ciwo ƙwarai, ba don kuɗin kaɗai ba. Gidan da a dā ake layin neman ɗaki a cikinsa, yau shi ne arha a bakin yaro mai waya. Kowa ya daɗe ya ga daɗau. Ya sallami dillali, ya zauna kan bencin aikinsa yana juya wayarsa, don bai san ta inda zai fara gaya wa Auta ba zai iya zuwa ba.

Da ya daure ya kira, sai ya zayyana mata komai. Ta ce ita ma ta san taswirar, ita da mijinta sun sha zuba mata ido. Mai gidan haya ya sake yi musu ƙari, albashinta na jinya a haya yake ƙarewa, yara kuma a falo suke kwana. Ta ji asibitin can gida na neman ma'aikata, tana so su dawo, kunya ce ta hana ta magana, tunda ta ga ya ƙwallafa rai a kan sayarwa.

"Baba, ƙofar nan tana kuka har yanzu?"

Ya ce tana yi, yau ma dillali ya kushe ta.

"To kar ka sa mata mai. Babbar jikarka ta fi ni yawo."

Ya gyaɗa kai kamar tana ganinsa. Bayan sun ajiye waya ya tashi ya ɗauki tsintsiya, ya fara da ɗakin da ke kusa da rijiya, wanda a dā na Auta ne.