Ku Fito Mini da Mai Waƙar

Hajjo ta make hannun maigadi, ta kutsa bayan dandamali da mayafinta ɗaure a ƙugu. Maƙwabciyarta Zuwaira tana biye da ita, tana ba mutane haƙuri tun ba a yi musu laifin ba.

Yanzun nan aka tashi daga wasa a kulob ɗin ma'aikatan wata masaƙa da ke Bompai, ko magariba ba ta yi ba. Makaɗan ƙungiyar 'Yan Walƙiya suna naɗe wayoyi, suna mayar da jita cikin akwati.

"Ina babbanku?" in ji Hajjo.

Wani siriri mai tulin suma da wando mai buɗaɗɗen ƙafa ya miƙe. "Ga ni, Iya. Uwaisu sunana. Sannunku da zuwa."

"Riƙe sannunka. Mai waƙar nake nema."

"Ai ni ne."

"Ƙarya kake, ɗan nan."

Hajjo shinkafa da wake take sayarwa a ƙofar wani kamfanin fata a Challawa. Kafin mijinta Muntari ya rasu, ya sayo tsohon garmaho mai batir a hannun wani direba, aka haɗa masa da faifai guda ɗaya tal, na 'Yan Walƙiya, mai waƙar "Jira Ni a Ƙofar Masaƙa". Shekara da shekaru, in ta gama wanke tukwane sai ta kunna shi, ta miƙe ƙafa. Murya ce mai kauri, mai tafiya a hankali, irin ta mutumin da ya ƙoshi kuma babu mai jiransa. Jita na bin ta a baya kamar mai rakiya. Hajjo ba ta taɓa ganinsa ba, amma ta san shi sarai: dattijo ne, da tumbi, da furfura.

Saboda shi ta sa zaninta na biki yau, ta hau mota biyu daga Panshekara. Sai ga wasu sun hau dandamali suna tsalle, suka yi waƙar a guje kamar an biyo su da sanda, muryar kuma kamar ta sauro. Samari na ta ihu. Ita kuwa ta zauna tana kumbura.

"Kun ɓoye dattijon, kun kawo mana ɗansa," ta ce. "Ko ya mutu ne kuke ci da sunansa? Ku faɗa mini in yi masa addu'a. Ni ban yi boko ba, amma na san hanyar gidan alƙali." Ta juya kan wani ƙato da ke ƙoƙarin kwance ƙafar ganga. "Ko kai ne kake ɓuya?"

"Ni Lawan?" Ƙaton ya dafe ƙirji. "Iya, ni ko kaji na kira watsewa suke."

Aka kwashe da dariya, ban da Hajjo. Ta kwance bakin zani, ta zaro ɗan faifan da ta naɗe cikin tsumma. Ta kawo shi ne don mai waƙar ya riƙe da hannunsa, ta samu abin ba da labari.

Uwaisu ya karɓa da hannu biyu. Takardar jikinsa ta koɗe, gefensa ya ɗan ɓantare. "Ikon Allah. Na farkonmu ne. Ni kaina ba ni da shi."

Akwai garmaho a kulob ɗin, wanda ake kunnawa in makaɗa sun tafi hutu. Lawan ya ɗora faifan, ya sauke allura. Muryar sauron nan ce ta fito, a guje.

"Har injin naku maƙaryaci ne," in ji Hajjo. "Ba haka take ba. Zuwaira, haka take?"

"Gaskiya ba haka muke jin ta ta katanga ba," Zuwaira ta faɗa a hankali.

"To yaya take, Iya?" Uwaisu ya tambaya.

Hajjo ta gyara tsayuwa, ta kumbura wuya, ta rera musu baitin farko daga can cikin ƙirji, tana jan kowace kalma. Lawan ya karkata kai yana saurare. Can sai ya sunkuya, ya tura wani ɗan maɓalli a gefen garmahon.

Faifan ya rage gudu. Dattijon ya buɗe baki daga cikin garmahon.

Mai naɗe waya ya tsaya da waya a hannu. Hajjo ta nemi akwatin lasifika ta zauna a kai, ba wanda ya ce mata ta tashi. Sai da waƙar ta kai ƙarshe Lawan ya yi magana.

"Ƙaramin faifai da sauri ake juya shi, Iya. Naku garmahon an bar shi ne a kan tafiyar babban faifai."

"Yadda Muntari ya kawo shi haka yake. Ban taɓa komai ba."

"Shi ne ai."

Ta dubi Uwaisu sama da ƙasa. "Wato babu wani dattijo."

"Babu, sai ni." Ya sosa sumarsa. "Amma wallahi ya fi ni iyawa. Lawan, ka ji wurin nan da ya ja? Ni ban san da wannan a waƙar ba."

"Ina za ka sani, kana gudu kamar ɓarawon akuya?" in ji Lawan.

Wannan karon har da ita a dariyar. Ta miƙa hannu, ya ba ta faifanta, ta naɗe shi a tsanake.

"Ku yi haƙuri, Iya," in ji Uwaisu. "Gobe kafin mu wuce sai mu biyo Panshekara, Lawan ya gyara muku maɓallin."

Hajjo ta kwance mayafinta daga ƙugu, ta yafa.

"Ku biyo ku ci shinkafa, ko ka yi ɗan nama a jiki. Amma duk wanda ya taɓa mini maɓallin nan, shi zan kai gaban alƙali."