Waken da Baba Ya Bari na Iri

"Minti uku, Auta. Uku na ce, ba uku da rabi ba."

Baba ne ke magana daga bakin ƙofar kicin, yana zaune a kujerar roba, agogonsa a tafin hannu, sandarsa jingine da gwiwa. Ni kuwa ina tsaye a kan tukunya tun hantsi, tururi na dukan fuskata. Na ɗago kwandon ƙarfe cike da koren wake daga tafasasshen ruwa, na dulmiya shi cikin bahon ƙanƙara.

"Kin wuce da daƙiƙa ashirin," in ji shi.

Shekara talatin da biyu Baba ya yi yana haɗa magani a asibiti, kuma tun da ya yi ritaya bai samu wanda zai riƙa yi wa awo ba sai mu da lambunsa na bayan gida. A wurinsa adana wake a firiza aiki ne mai doka. Sai an wanke, an cire kai da gindi, an yanka daidai tsawon ɗan yatsa. A tsoma a ruwan zafi minti uku, a ruwan ƙanƙara minti uku, a shanya a kan tawul har ya tsane. Daga nan a jera a tire, kada wani ya hau kan wani, a sa a firiza ya daskare, sannan a zuba a leda, a matse iska, a rubuta kwanan wata. Na taɓa tambayarsa me zai faru in aka zuba shi ɗanye kawai aka rufe. Ya yi mini bayanin da sai da ruwan tukunya ya ƙone: launi zai dushe, ɗanɗano zai gudu, ya dawo kamar igiya a baki. Ban sake tambaya ba.

Wata huɗu ke nan da Baba ya faɗi a banɗaki, karo na biyu. Tun daga ranar, kullum sai na rufe shagon ɗinkina da azahar, in hau mota biyu in zo in yi masa girki, in duba maganinsa, in koma gida a gajiye liƙis; yau kam saboda waken ko buɗe shagon ban yi ba. Masu ɗinki sun fara kai kayansu wani wuri. Maigidana bai ce komai ba, amma yarana sun koyi cin abinci ba tare da ni ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

Yayana, wanda Baba ke kira Injiniya, ya gyara masa ɗaki a gidansa, hawa na uku. Sai da muka yi wata guda muna lallashi kafin Baba ya yarda zai koma can, shi ma da sharaɗi biyu. Na farko, a girbe wakensa a adana a firiza, a tafi masa da shi. Na biyu, a jira waken iri ya bushe. Layi bakwai ya shuka, shida na ci, na bakwai da ke jikin katanga na iri. Ya ɗaure wa kowane gindi jan ƙyalle don kada a taɓa. Shekara goma sha tara yana zaɓen wannan iri da hannunsa, kowace shekara daga shukar da ta fi kyau. Saura kwana goma ya bushe, mota ta zo ta kwashi kaya. Ba na jin kunyar faɗa, ƙirga kwanakin nake yi.

"Wannan ledar akwai iska a ciki," Baba ya ce, yana nunawa da sanda.

"Baba, na matse ta."

"Kin matse ta da haushi. Da haushi ba a matse leda."

Ina cikin sake buɗe ta sai ga Yaya ya yi sallama, cikin fararen kaya, waya manne a kunne. Ya durƙusa ya gaida Baba ba tare da ya cire ta ba, sannan ya leƙo kicin ya rufe bakin wayar da hannu.

"Auta, sannu da aiki. Kawo abin da zan taimaka, ina da awa ɗaya."

Wata huɗu ina jiran wannan awa ɗayan. Ga shi ƙanƙara ta narke tas, sai an sayo wata. Na miƙa masa roba na ce ya tsinke abin da ya rage a layi na shida. Na ce masa, da bakina, kada ya taɓa na jikin katanga. Ya gyaɗa kai har sau uku. Daga baya na gane wanda ke cikin wayar yake gyaɗa wa.

Baba ya miƙe da ƙyar ya ce zai ɗan kishingiɗa, maganin rana na sa shi barci. Na raka shi ƙofar ɗakinsa, na yafa mayafi na fita.

Shagon kusa ba su da ƙanƙara. Na biyun ma sun ce ta ƙare. Sai a na uku na samu, na dawo da leda biyu suna ɗiga a ƙafata, bayan kusan minti arba'in. Tun daga tsakar gida na ji warin dafaffen wake, irin wanda ya daɗe a wuta.

Yaya na tsaye a gaban tukunya, ya naɗe hannun riga, baki har kunne.

"Ke dai ba ki da ido," ya ce. "Kin bi kin tsinke ƙananan kin bar manyan. Dubi waɗannan, kowanne ya yi ƙiba. Na ga suna da tauri, shi ne na ƙara musu lokaci."

Na leƙa tukunyar. Manyan ƙwansuna ne, wasu har sun fara rawaya, sun fashe, ƙwayoyin na yawo a ruwa. Ban san lokacin da na saki ledojin ƙanƙara a ƙasa ba. Na ruga bayan gida. Layi na bakwai tsaye yake a kan sandunansa, ganye sharaf, babu ƙwanso ko ɗaya. Jajayen ƙyallayen kuwa ya kwance su ya tara a kan bulo, a ninke, saboda shi mutum ne mai tsari.

Na dawo na ja shi ƙuryar kicin, ina magana ƙasa-ƙasa don kada Baba ya ji.

"Yaya, me na ce maka game da na jikin katanga?"

"Kin ce wani abu?"

"Iri ne! Irin Baba ka dafa!"

Ya dubi tukunya, ya dube ni. "To a tsame a shanya mana."

"A shanya? Minti nawa ya yi a wuta?"

"Bai fi sha biyar ba."

Wallahi da ƙanena ne da na ɗora masa ludayin a ka. Mutum ya yi karatu har ya gaji, yana gina gadoji, amma bai san dafaffen wake ba ya tsiro ba. Ya fara lissafo mini shagunan da ake sayar da iri a fakiti, wai har da mai hoton wake a jiki, za a juye a tsohuwar kwalbar da Baba ke ajiye iri, ba zai gane ba. Na ce masa mutumin da ke gane daƙiƙa ashirin ne ba zai gane irinsa ba?

Ƙarar sanda muka ji a kan siminti. Baba ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi fuskokinmu, ya tako a hankali har gaban tukunya. Ya karɓi ludayi daga hannuna, ya ɗebo ƙwaya ɗaya, ya murtsuke ta tsakanin yatsunsa. Ina jiran faɗa, ko abin da ya fi faɗa muni, don likita ya ce a guji tayar masa da hankali.

"Ya dahu," ya ce kawai.

Yaya ya zube a ƙasa da fararen kayansa. "Baba, ka yafe mini. Ban sani ba. Zan sayo maka wani, ko nawa ne."

"Ba a sayar da shi, Injiniya. Tashi, ƙasa a jiƙe take." Ya ajiye ludayin. "Gindin bai mutu ba. In aka ci gaba da ba shi ruwa, wataƙila ya sake fure. Daga fure zuwa bushewa, wata biyu. Ka gaya wa mai mota ya dakata."

Wata biyu! Na ji kamar an ɗora mini buhu a ka. Yaya kuwa har da godiya, shi dai an yafe masa. Ya ce ko wata uku ne babu komai, Baba ya ɗauki lokacinsa. Da sauƙi a bakinsa, tunda ba shi ke hawa mota biyu ba. Wayarsa ta yi ƙara, awarsa ɗaya ta cika, ya fita sumui-sumui yana kakkaɓe gwiwa.

Na zubar da ruwan tukunya, na ɗora sabo, don akwai sauran roba biyu na wake da ba za su jira fushina ya huce ba. Kafin ya tafasa na shiga ɗakin Baba in ɗauko kofin shayinsa. Gadon a gyare yake yadda na bar shi da safe, ko filo bai lotsa ba. An ja kujera zuwa bakin taga, an ɗage labule gefe guda. Kofin na kan dakalin tagar. Na tsaya inda kujerar take na duba waje. Layi na bakwai ne a gabana, kusa har ina iya ƙirga ganyensa.

Na dawo kicin da kofin a hannu. Baba ya koma kujerarsa ta roba.

"Baba, ba ka yi barci ba."

Ya duba agogonsa.

"Kana kallonsa yana tsinkewa."

"Ina kallo."

"Har ya kwance ƙyallayen?"

"Ɗaya bayan ɗaya."

"Kuma ba ka ɗaga murya ba? Kai da ko leda ba ka bari ta wuce?"

Ya sunkuyar da kai yana juya agogon a hannunsa.

"Na buɗe baki zan kira shi," ya ce. "Sai na tuna kwana goma ya rage. Auta, a hawa na uku ina zan shuka shi? A bokiti? Kwalba zan sa a gaba in riƙa kallo."

"Shekara goma sha tara, Baba. In bai sake fure ba fa?"

"To ya tafi ke nan."

Haushi ya turnuƙe ni, tausayi kuma ya hana ni yin ihu. Na ajiye kofin da ƙarfi.

"Ni fa? Ka tuna da ni da kake zaune a tagar? Na gaji, Baba. Shagona na mutuwa. Ƙaramar 'yata jiya maƙwabciya ce ta yi mata kitso. Da ka ce ba ka son tafiya, da mun zauna mun nemi wata dabara. Amma ka ce ka yarda, na sa rai, ina ƙirga kwana kamar wawiya."

"Na san kin gaji," ya ce a hankali. "Shi ya sa na kasa faɗa miki."

Ban taɓa ganin Baba ya rasa abin da zai ƙara a kan magana ba sai ranar. Ruwa ya tafasa. Na zuba wake, na tsame, na dulmiya a ƙanƙara, na shanya. Bai duba agogo ba ko sau ɗaya, ni ma ban tambaye shi ba. Muka gama leda ashirin da uku, shi yana rubuta kwanan wata da rubutunsa mai karkata, ni ina jerawa a firiza.

Da la'asar na fita bayan gida da bokiti, na kira Yaya a waya ina tsaye a gaban layin.

"Daga gobe mun raba kwanaki," na ce. "Uku naka, huɗu nawa. Girki, magani, da ban ruwa. Ba awa ɗaya ba, wuni. Kuma ba maganar wata biyu nake yi ba, Baba ba zai tashi daga nan ba, ka daina biyan mai mota yana jira."

Da wata rana ce da ya kawo mini uzurin taro da tafiye-tafiye.

"Na ji," ya ce. Can ya ƙara da ƙaramar murya, "Auta, kina ganin ya yafe mini har zuci? Tun da na fito abin ke cina."

Na waiwaya. Baba na zaune a bakin tagarsa yana kallona, ya ji komai. Kalma biyu kawai zan faɗa, "yana kallonka", in sauke wa Yaya wannan nauyi, in ɗora wa tsohon.

"Ka zo gobe da safe ka tambaye shi da kanka," na ce. "Kuma kada ka sa fararen kaya."