Wanda Muke Kira Canario

Duk shekara, ranar da aka ƙona mashayarmu, ni da abokina Rosamel muke zuwa mu sake wa animita fenti. Ɗan ɗakin siminti ne da bai kai gwiwa ba, irin wanda ake ginawa inda aka yi mugunyar mutuwa, masu wucewa su kunna kyandir su roƙi mamatan su kai musu kuka wurin Allah. Abin haushi, mutanen Valparaíso da ke tofa mana yawu muna raye, yau su ke durƙusa wa matattunmu.

"Malam, hannun nan naka rawa yake, kawo burushin kafin ka yi wa titi fenti," in ji Rosamel. Wutar ta cinye masa kunne ɗaya da rabin fuska, ta bar masa bakin don ya ishe ni.

A mashayar nan ta maza masu son maza, ba a tambayar sunan gaskiya. Kowa da laƙabinsa, don ko 'yan sanda sun matsa ka, ba ka da abin faɗa. Wata ranar Lahadi da yamma wani ya kwarara fetur a matakala ya ƙyasta ashana. Mutum goma sha ɗaya suka mutu. Gawa goma danginsu sun karɓa, wasu a ɓoye. Na ƙarshen, Canario, babu wanda ya zo.

Ni na san sunansa. Shekara biyu muna tare. Na tsaya a mutuware, ɗan sanda yana tambaya, "Wa ya san wannan?" Ina kallon takalmin da na saya masa, na yi gum. Ina koyarwa a lokacin, ina buɗe baki aikina ya tafi. Aka zuba shi a ramin marasa suna. Shekara talatin ke nan, wallahi ban yafe wa kaina ba.

Muna cikin fentin wata tsohuwa ta iso da jakar tafiya, ta durƙusa da ƙyar ta kunna kyandir.

"Baiwar Allah, a kula, fentin bai bushe ba," in ji Rosamel.

"Ba zan daɗe ba. Daga garin Lota nake, duk animitar garin nan sai na bi ta. Ƙanena nake nema. Ya zo neman aikin jirgin ruwa, shiru har yau. An ce mamatan nan suna jin roƙo."

Ta ciro hoto ta jingina a jikin kyandir ɗin. Rosamel ya leƙa, ya juyo ya dube ni. Hoton Canario ne.

Na zauna a gefen titi.

"Baldomero Huenchul," na ce. Rabona da furta sunan nan a fili tun kafin wutar.

Ta juyo a hankali. "Ka san shi, Malam? Yana ina?"

Na nuna mata laƙabi na ƙarshe cikin waɗanda muka rubuta a jikin simintin. Na faɗa mata duka, har matsayinsa a wurina, har shirun da na yi a mutuware. Na jira ta mare ni, da ma ta yi.

Ta dubi rubutun.

"Ashe shi nake roƙo ya nemo min kansa," ta ce. Ta goge hoton da bakin rigarta. "Ya taɓa gaya maka garinmu?"

"Har layinku. Gidan da ke bayan gidan burodi."

"Har yanzu muna nan. Mama ta hana mu tashi, ta hana a canza makullin ƙofa, wai kar ya dawo ya rasa hanyar shiga." Ta mayar da hoton jaka. "Watan jiya muka binne ta."