Tabon Ghislaine

Yayata Ghislaine ta yi ƙuruciyarta tana zama wa masu zane a Montreal. Ta tuɓe, ta kwanta yadda suka ce, su kuma su yi ta shafa fenti. Akwai zanenta guda da har yau yake rataye a gidan nune-nune: baya da ƙugu kawai, fuskar na kallon bango. Masana sun yi ta rubutu a kansa, babu wanda ya tambayi sunanta.

Ta haura sittin lokacin da ciwon daji ya sa aka cire mata nono ɗaya. Da ta warke, sai ga ta a ɗakin da nake zane, tana kakkaɓe ƙanƙara daga takalmi.

"Odile, zana ni."

"Yaya, ni fa furanni nake zanawa."

"To ga busasshe ya kawo kansa."

Ta cire riga, ta zauna ɗam a kujera, ta zuba mini ido. Na ce ta ɗan karkata. Ta ce ta gama karkata wa mutane.

Mun ɗauki makonni. Duk sanda na iso ƙirjinta, sai in lulluɓe wurin da inuwa. Ran nan ta zagayo ta leƙa.

"Ke, ina tabon?"

"Na ɗan sassauta shi ne."

"Likita ya ɗauke nono, ke kuma ki ɗauke tabo? To me za ku bar mini?"

Na kankare inuwar, ina share hawaye da bayan hannu. Na zana shi yadda yake, dogo, ja-ja, da 'yar lanƙwasa kusa da hammata.

Da na gama ta kira mijinta Réjean. A bakin ƙofa ta raɗa mini cewa tun daga asibiti, in za ta sake kaya, sai ya fita ya ba ta wuri, wai don kada ta ji nauyi.

Réjean ya daɗe tsaye gaban zanen, hula a hannu.

"Kamar harara kike yi," in ji shi.

"Sanyi ne, tsoho. Ƙanwar nan tawa rowar wuta gare ta."

Ya yi dariya. Ya matso ya ɗora tafinsa a ƙirjinta ta saman riga, daidai wurin, bai ɗauke ba.

"Yana ciwo?"

"Ƙaiƙayi dai, in za a yi ruwa."

Na sauka in dafa shayi, na ƙi yin sauri.