Motar da Ba Ta Tashi Ba

Tagar da ke gefen Malam Bawa ba ta nuna komai sai farin jikin wata bis da aka ajiye daf da tasu, kusa ƙwarai har mutum zai iya miƙa hannu ya taɓa ta. Shi kuwa tsohon ya kafe ta da ido kamar akwai abin karantawa a jikinta.

Ɗansa Shu'aibu yana tsaye a tsakanin kujeru, riƙe da kwano ɗaure cikin ɗankwali. Ba shi zai yi tafiya ba. Ya hau ne don ya zaunar da mahaifinsa a motar garin Tawa ta ƙarfe takwas.

Kwana tara tsohon ya yi a gidan Shu'aibu na unguwar Lazare saboda aikin ido. A kwana taran nan bai kai lomar girkin surukarsa Balkisa bakinsa ba. Shekara huɗu ke nan da Shu'aibu ya auri Bazabarmiyar ba tare da ya jira amincewarsa ba. Kullum ta ajiye tuwo ta durƙusa ta gaishe shi, sai ya amsa a taƙaice, ya aika a sayo masa burodi da shayi.

Yau tun asuba ta tashi ta yi dambu da zogale. Ta ce, "Ka miƙa masa a mota. Wataƙila in ba na wurin zai karɓa."

"Baba, ga guzuri," in ji Shu'aibu.

"Ina da dabino."

"Hanya da nisa, Baba. Sai la'asar za ku isa."

"Ni zan yi tafiyar ko kai?"

Shu'aibu ya tsaya da kwanon a hannu. Ya san in motar nan ta fita da tsohon a haka, wata shekara huɗun ce za ta biyo baya.

Sai farin jikin bis ɗin ya fara zamewa baya a hankali. Shu'aibu ya ji ƙasa ta tafi da ƙafafunsa, ya yi maza ya kama kan kujera.

"Mun tashi," in ji tsohon. "Kai, sauka kada a wuce da kai Doso. Kawo kwanon nan." Ya fizge shi ya ɗora a cinya. "Ka ce wa yarinyar nan na ga hidimarta. Duk na gani, ko da ido ɗaya. Ba ta yi mini komai ba, taurin kaina ne. Ku zo da salla, ku kawo mini jikata. Allah ya yi muku albarka. Sauka mana."

Wutsiyar ɗaya motar ta wuce tagar. Sai ga katangar tasha tana nan inda take. Ga mai shayi yana fifita wuta, ga akuya kwance a gindin bishiyar bedi. Direbansu ma yana can a ƙasa yana wanke baki.

Wata tsohuwa a kujerar baya ta yi dariya ƙasa-ƙasa. "Malam, waccan ce ta ja baya. Mu ko injin ba a kunna ba."

Malam Bawa ya dubi katangar, ya dubi kwanon da ke cinyarsa. Ya gyara zaman tabarau a kan idon da aka yi wa aiki.

"Ni na ji ta motsa," ya ce.

"Ni ma na ji, Baba."

Kujerar gefe babu kowa tukuna, sai Shu'aibu ya zauna. Ba wanda ya dubi wani. Can tsohon ya fara kwance ɗankwalin, yatsunsa suna kokawa da ƙullin da Balkisa ta yi. Ƙamshin man gyaɗa da albasa ya tashi.

Ya yi bisimilla, ya kai loma, ya daɗe yana taunawa.

"Yaji ya yi yawa," ya ce, ya tura kwanon tsakaninsu. "Sa hannu, tunda motar ba ta da niyyar tafiya."