Takalman Ganshyam

Sau biyu likitan ido yana mayar da Ganshyam gida. Yanar idonsa ta isa cirewa, amma hawan jininsa ya ƙi sauka, likita kuwa ya ce ba zai sa masa wuƙa a haka ba. Ga shi an haifa masa jika, fuskarta ma dishi-dishi yake gani.

Matarsa Sabitri ce ta tasa shi gaba zuwa wurin wani tsohon malamin yoga, mai koya wa mutane natsuwa, a bakin kogin Ganga, nan garinsu Haridwar a Indiya.

Shi Ganshyam a kasuwar tukwanen tagulla ya tsufa, bai yarda da kowa ba. Duk inda ake tuɓe takalmi, raba nasa yake yi, ƙafa ɗaya nan, ɗaya can bayan tukunyar fure, don ɓarawo ba ya ɗaukar wari guda.

Aka zauna, aka rufe ido, aka ce kowa ya bi numfashinsa. Ganshyam sai mutsu-mutsu yake yi.

"Lalaji," in ji malamin, yadda ake kiran dattijon ɗan kasuwa, "jikinka na gani. Kai kana ina?"

"Ina nan, Guruji."

"Wajen takalmin dama ko na hagu?"

Ɗaki ya ɗauki dariya. Sabitri ta ce, "Baban Minu, wa zai saci wannan tsumman? Ko kare ya shinshina sai ya yi gaba!"

Malamin ya ce, "Ku ƙyale shi. Zuciya in ka yi kokawa da ita, ƙara ƙarfi take yi. Tashi ka koma inda take, ka zauna tare da ita."

Haka Ganshyam ya koma bakin ƙofa, ya haɗa takalmansa a gabansa, ya zauna yana cika yana batsewa. Ya zuba musu ido. Ba wanda ya zo. Washegari ma haka. Da tsoron ɓarawo ya lafa, sai wani ya taso, na wuƙar likita, wanda ashe shi ne ke kwance a ƙasa tuntuni. Ya gaya wa malamin.

"Shi ma kalle shi kamar takalmin. Kada ka kore shi, kada kuma ka dafa masa shayi."

Sannu a hankali ya fara jin ƙarar kogi, da iskar da ke shiga hancinsa da sanyi ta fito da ɗumi. Wata safiya har sai da aka taɓa kafaɗarsa kafin ya san an tashi.

Zuwansu asibiti na uku, likita ya auna jinin, ya sake aunawa, ya ce a shirya shi.

A ƙofar ɗakin tiyata Ganshyam ya tuɓe takalmansa, ya bar su gefe da gefe.

"Ba za ka raba su ba?" in ji Sabitri.

"Bar su. Ke dai a kawo min jikar nan ranar da za a kwance min ido."

Ya shige bai waiwaya ba.