Hatsarin Farko a Layin Birnin Tudu

Babu layin dogo a Talata Mafara. Ba a taɓa yi ba, kuma ko a lokacin siyasa, da ake alkawarin komai har da teku, babu wanda ya tuna ya yi alkawarinsa. Duk da haka a nan Allah Ya ajiye Malam Arzika, mutumin da ya fi kowa son jirgin ƙasa a faɗin Zamfara, in aka bi ta bakinsa.

Ya yi aikin ban ruwa a ƙarƙashin dam ɗin Bakolori har ya yi ritaya, yana buɗe ƙofofin kanal yana rufewa, manoma suna zaginsa in ya buɗe, suna zaginsa in ya rufe. Jirgin ƙasa kuwa sau ɗaya ya gan shi ido da ido, yana yaro, a Ƙaura Namoda, kuma ranar ma jirgin a tsaye yake. Sauran iliminsa duk a waya ya same shi, a wani zauren Wasaf mai suna Zauren Dogo, inda tsofaffin ma'aikatan jirgi na Zariya da Kafanchan da Nguru da masu sha'awa irinsa suke haɗuwa. Ana turo hoton tsohon tarago, ana gardama a kan wane kan jirgi ne ya fi ja a hawa, ana sauraron jiniyar da wani ya ɗauko kamar ana sauraron wa'azi. A cikin masu gardamar babu kamar Arzika. Saƙon muryarsa kuwa, kafin ya gama gaida mutanen zaure da iyalansu da gajiyarsu da ruwan da aka yi ko ba a yi ba, datar wasu ta ƙare.

"Malam," matarsa Saratu takan ce daga bakin keken ɗinkinta, "jirgin naku bai iso ba har yanzu? In ɗora tuwon fasinjoji."

Sai ya ƙara manna wayar a kunne. Tun da ya bar aiki, zauren nan ne kaɗai wurin da ake cewa "bari mu ji ta bakin Arzika Mafara."

Matsalar ta fara ne da zauren ya cika da baƙi. Wannan ya turo katin ɗaurin aure, wancan tallar turare, wani kuma maganin basir. Shugaban zaure, Alhaji Hashimu, tsohon direban jirgi ne a Zariya, mutum ne da har yanzu yake duba agogo kafin ya amsa sallama. Ya kafa doka: kafin Juma'a kowa ya turo hotonsa tare da wani abu na jirgin ƙasa da yake a yankinsu, ba na intanet ba, ba na garin wasu ba. Wanda bai turo ba, fasinja ne marar tikiti, za a sauke shi.

Arzika ya karanta dokar, ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa, ba ta canja ba. Ya yi tunanin tafiya Ƙaura, to amma hanyar ba ta shiguwa yadda mutum yake so a 'yan shekarun nan, kuma akwai wani ɗan Ƙaura a zauren da ya san kowane dutse na tasharsu da sunansa. Sai ya kira Sa'idu.

Sa'idu mutumin Bakura ne, malamin firamare, abokinsa tun suna samari, kuma shi ya sa shi a zauren. Bayan sun gaisa har wayar ta yi zafi, Arzika ya ce, "Ka ga abin da Alhaji yay yi muna?"

"Ya yi maka dai. Ni in anka sauke ni, barci nika samu. Kai ne za ka koma gardama da awakin Saratu."

"Sa'idu, don Allah."

"To tsaya. Ka san ƙaramin kanal ɗin nan na bayan Birnin Tudu, wajen gonakin albasa? Gadar da manoma ka bi, ƙarfen dogo ne guda biyu anka gitta. Tsoffi sun ce tun zamanin gina dam kamfani ya bar su, da su aka turo duwatsu."

Arzika ya miƙe tsaye da wayar a kunne. Shekara da shekaru yana aiki a kanal-kanal ɗin nan, ya bi ta kan gadar ba sau ɗaya ba, bai taɓa duban ƙasan ƙafarsa ba.

Ranar Alhamis da hantsi ya sa farar shaddarsa ta zuwa suna, ya ari tef ɗin awon Saratu ba tare da ya gaya mata ba, ya hau babur zuwa Bakura, ya ɗauki Sa'idu suka wuce. Gadar tana nan yadda aka faɗa: ƙarafa biyu sun yi tsatsa, kwance daga wannan gaɓa zuwa waccan, an jera guntayen katako a kai. Arzika ya durƙusa ya shafa ƙarfen kamar mai gaida jinjiri.

"Dogo ne," ya ce. "Wallahi dogo ne, Sa'idu. A ƙasarmu."

"To tsaya in ɗauke ka mu tahi, rana na yi."

Da a ce a nan aka tsaya, da ba a sami labari ba. Amma Arzika ya riga ya zaro tef. Ya auna tsakanin ƙarafan, ya dubi tef ɗin, fuskarsa ta canja.

Duk wanda ya zauna a Zauren Dogo ya san tsakanin ƙarafan tsohon layin ƙasar nan ƙafa uku ne da rabi. An taɓa korar wani daga zauren na wata guda don ya ce huɗu. Wannan kuwa ko uku bai kai ba.

"Ba ni turo wanga," Arzika ya ce. "Alhaji Hashimu da ido shika awo. Cewa za a yi Arzika, da bakinai duka, bai san faɗin dogo ba."

"Gada ce, bawan Allah. Gadar albasa."

"Dogo ne da anka aza ba daidai ba. Kama mini."

Sa'idu ya yi ta faɗa, amma shi ma ɗan zaure ne, kuma da ya sake duban ƙarafan sai ya ji abin ya fara sosa masa rai. Suka kwashe katakon suka tara gefe, suka samo wani kakkauran reshe, suka dinga banƙarar ƙarfe ɗaya, wannan gaɓa sannan waccan, suna nishi irin na mutanen da likita ya hana ɗaukar ko bokiti. Arzika yana aunawa, yana cewa "saura kaɗan." Da tef ya nuna daidai, suka mayar da katakon. Sai dai katakon an yanka shi ne don tsohon faɗin. Yanzu bakinsa kawai yake taɓa ƙarfe, dama da hagu, kamar mai zama a gefen benci a gidan surukai.

Ga ido kuwa abin ya yi kyau ƙwarai. Sa'idu ya karɓi wayar Arzika ya ɗauke shi a tsaye, ya ɗauke shi a tsugune da tef a miƙe, ya mayar masa da ita, Arzika ya zura a aljihu yana murmushi.

Sai ga wani dattijo ya ɓullo daga cikin gonaki, yana kora jaki da buhunan albasa. Baba Ɗanasabe ake ce masa, Sa'idu ya san shi. Aka yi sallama, aka tambayi gida da gona da sanyi da kasuwa. Jakin ya iso bakin gada, ya sunkuyar da kai, ya shinshina, ya kafe.

"Kai, wuce mana!" Baba Ɗanasabe ya ɗaga sanda. Jakin ya ja da baya. "Ikon Allah. Kullum ta nan muka bi. Mi as same shi yau?"

Sa'idu ya dubi sama. Arzika ya yi gyaran murya. "Baba, gyara munka yi mata kaɗan. Yanzu ta zan daidai da ƙa'ida."

"Ƙa'idar wa?"

"Ta... ta hukuma."

"Hukuma ta zo nan?" Dattijon ya waiwaya ko'ina. "Yaushe?"

Arzika ya ga maganar za ta yi tsawo, kuma ga wasu manoma sun fara ɗago kai daga cikin albasa. Ya ce bari ya nuna wa jakin da mai jakin cewa babu abin tsoro. Ya tattare shadda, ya hau gadar da taku irin na mai duba aiki. Sa'idu, da ya hango abin tarihi, ya zaro tasa wayar ya fara bidiyo.

"Kun gani?" Arzika ya ce daga tsakiya. "Ƙafa uku da rabi. Ko a Zariya haka..." Ya buga ƙafa don ƙarin bayani.

Katakon ya bi ta tsakanin ƙarafan salin-alin, Arzika ya bi shi.

Kanal ɗin ba shi da zurfi, iyakarsa ƙugu, amma rabinsa laka ce. Ya taso hula babu, tabarau a kunne ɗaya, gansakuka a kafaɗa. Sa'idu bai sauke wayar ba, don a zaure an sha faɗa cewa ba a yanke bidiyo sai jirgi ya gama wucewa.

"Sa'idu! Miƙo hannu, ɗan banza!"

"Tsaya ka fito cikin hoton da kyau."

Manoma ne suka jawo shi. A cikinsu akwai waɗanda suka gane shi. "A'a, ba Malam Arzika na ban ruwa ba ne? Wanda ka hana mu ruwa? Yau ga shi ka sha naka kason!" Aka yi dariya har da masu riƙe ciki. Baba Ɗanasabe bai yi dariya ba. Ya zauna a kan buhun albasa ya ce babu inda za su sai sun mayar da ƙarfen inda kakanninsa suka gan shi. Suka mayar, wannan karon ba tef, jakin ne ma'auni. Sai da ya taka ya haye sannan aka sallame su.

A gindin wata bishiyar bedi Arzika ya zaro wayarsa daga aljihu. Ruwa ya ɗiga daga cikinta. Ya danna, ya girgiza, ya hura mata iska, ya yi mata addu'a, ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Hotunan nan masu kyau duk suna ciki.

"Mu koma ka ɗauke ni da taka," ya ce.

"A wane faɗin? Ka ga Baba Ɗanasabe can zaune da sanda. In ka sake taɓa ƙarhen nan, ni ban san ka ba." Sa'idu ya juya wayarsa. "Abin da ar rage shi ne wanga. Ga dogo, ga ka, ga faɗi daidai, da bakinka ka faɗe shi."

Arzika ya kalli bidiyon. Ya ga kansa yana taku kamar gwamna, ya ga kansa ya ɓace, ya ji muryar wani manomi yana cewa ya sha kasonsa. Mutum ɗari da wani abu ne a zauren, kuma babu wanda bai taɓa kayarwa a gardama ba. Ya daɗe yana matse bakin rigarsa.

"Tura," ya ce.

"Ka tabbata?"

"Tura kafin in yi hankali."

Kafin su kai Bakura wayar Sa'idu ta fara kuka ba ƙaƙƙautawa. Suka tsaya a gefen hanya. Ɗan Ƙaura ya rubuta cewa wannan gada ce, ba layi ba, a sauke Arzika. Wani daga Kafanchan ya ce ƙarya ne, duk inda ƙarfe biyu suka kwanta a faɗin ƙa'ida layi ne, ko da na minti ɗaya. Wani ya tambaya ko jakin za a lissafa shi a matsayin kan jirgi. Wani ya roƙi a sake turowa a hankali, wajen faɗawar.

Can sai ga saƙon muryar Alhaji Hashimu, ba gaisuwa ba komai. Ya ce ya kalli bidiyon, faɗi daidai ne. Ya ce abin da ya faru hatsari ne a kan layi, kuma a aikin jirgi ba a sallamar ma'aikaci ana cikin binciken hatsari. Don haka ya naɗa kwamiti, Arzika zai ci gaba da zama a zaure har kwamiti ya miƙa rahoto.

Arzika, da ya yi shekaru a aikin gwamnati, ya san abin da kwamiti yake nufi. Ya sauke ajiyar zuciya, ya ce wa Sa'idu ya danna masa wurin magana.

"Assalamu alaikum jama'ar zaure," ya fara, laka tana bushewa a gemunsa. "Ina wuninku, ina gajiya, yaya iyali..."

Kwamitin ya yi zamansa na farko a daren Juma'a, ya rabu biyu a kan ko katakon ya faɗa ne ko Arzika ne ya tura shi. An ɗage zama. Har yanzu ana ɗagewa.